In Kunne Ya Ji, Inji Ya Tsira

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar jami'a ko ta sakatariya da misalin ƙarfe takwas saura kwata na safe, ya kasa kunne, zai ji abin takaici. Da yawa daga cikin baburan da ke shiga kuka suke yi. Wani na ƙas-ƙas kamar ana ɗinki da tsohon keke, wani na kwaram-kwaram kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wani kuwa ɗum-ɗum yake yi daga can ciki, irin bugun da ke nuna ajali ya kusa. Masu su kuma, ga jakar littattafai a kafaɗa, ga digiri a hannu ko a hanya, sun miƙe wuya suna ta murɗa totur, ko a jikinsu. Ra'ayina a nan, 'yan'uwana ɗalibai da ƙananan ma'aikata, shi ne wajibi ne ga duk wanda ya mallaki babur ya koyi sauraron injinsa, kuma ilmin da muke taƙama da shi ragagge ne matuƙar bai kai mu ga wannan ɗan abu ba.

Ba jiya babur ya shiga rayuwar ɗan boko ba. Tun da aka biya kuɗin Udoji a 1975, ƙaramin ma'aikaci ya sami abin hawa nasa na kansa, tituna suka cika da Vespa da Honda da Suzuki da Yamaha, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa suna kan Mobylette. Yau Bajaj na Indiya da baburan ƙasar Sin ne suka mamaye kasuwa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, har masu mota da dama sun jingine ta sun koma kan ƙafa biyu. Da bashi ko da adashi ake sayen babur. Shi ke kai yara makaranta, shi ke kai maiɗaki asibiti da tsakar dare, shi ke ɗauko buhun masara daga ƙauye. Ranar da injinsa ya buga, albashin wata ya tafi, wani lokaci har da na watan gobe. To, abin da ke da wannan matsayi a gida ai ya cancanci a san muryarsa.

Halin nan namu na rashin kula har injiniyoyin Japan sun san shi. A 1974 kamfanin Honda ya tura mutanensa su zagaya wasu ƙasashe masu tasowa na Asiya don su ga yadda ake amfani da baburansu. Suka tarar ana labta wa babur mutum uku ko huɗu, ana barin baƙin mai har ya zama kamar kwalta, matacin iska ya toshe da ƙura, kuma ba mai zuwa wurin gyara sai abin ya tsaya cik. Saboda haka suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, da inji mai sauƙin gini wanda zai jure wulaƙanci. Da yawa daga cikin baburan Sin da muke hawa jikokin wannan inji ne. Wato dai an riga an yi mana rangwame tun daga masana'anta, an ba mu jaki mai haƙuri. Amma ko jaki, in an ƙure shi, yakan kwanta.

Ruwa ba ya tsami banza. Inji tarin ƙarafa ne da ke gudu a jikin juna, da 'yar tazara a tsakaninsu wadda baƙin mai ke cikawa. In tazarar nan ta yi yawa, ko man ya gaza, ko wuta ta tashi ba a kan lokacinta ba, sai ƙarfe ya fara dukan ƙarfe, dukan nan kuwa shi ne ƙarar da muke ji. Kowace ƙara tana da mazauni, tana da lokacin da take fitowa, tana kuma da abin da take bi. Wanda ya iya tantance waɗannan ya yi rabin aikin bakanike tun bai taɓa sifana ba.

A fara da abin da ƙarar ke bi, domin shi ne ya fi sauƙi, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Mutum na cikin tafiya a hanyar da ba cunkoso, sai ya matse kuloci ya saki totur. Inji zai koma silo, babur kuwa ya ci gaba da gangarawa. In ƙarar ta lafa tare da inji, to a cikin inji take. In kuwa ta ci gaba daidai da gudun taya, inji ba shi da laifi: a duba sarƙar baya, ko ta saki tana dukan marfinta, ko ta bushe, ko haƙoran da take hawa sun cinye; a duba boris ɗin taya da birki. Sarƙar irin waɗannan babura wasan da ake so ta yi bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Mutum nawa aka sauke wa inji, aka karɓe musu kuɗin kayan aiki, alhali ɗaurin noti biyu da ɗigon mai ne maganin abin? Haka nan in babur na tsaye a firi yana ƙarar cakar-cakar daga gefen dama, aka matse kuloci ta ɗauke, to daga kwandon kuloci take, kuma sau da yawa ba abin tayar da hankali ba ne.

Sai mazaunin ƙarar. A nan ne za ka ga bakanike ya ɗauki dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, yana matsawa daga sama zuwa ƙasa. Na sha ganin ɗan boko na murmushin raini in ya ga haka, wai shi a ganinsa wannan aikin gargajiya ne. Da ya san tarihi da bai yi ba. A 1816 wani likita Bafaranshe mai suna Laennec ya naɗe takarda kamar bututu ya kara a ƙirjin majiyyaci, daga nan aka sami abin sauraron ƙirji da likitocinmu ke ratayawa a wuya suna tinƙaho. Kafinsa, a 1761, wani likita a birnin Biyana, Auenbrugger, ya bayyana yadda ake ƙwanƙwasa ƙirji a gane ko akwai ruwa a ciki. Kakanninmu mata kuwa ba su taɓa biyan kuɗin tukunya a kasuwa ba sai sun ƙwanƙwasa ta sun ji amonta. Ilmi ɗaya ne: ƙarfe da ƙashi da yumɓu duk suna ɗaukar sauti, abu mai lafiya kuma amonsa dabam ne da na mai tsaga. Gargaɗi ɗaya kawai, wanda zai gwada wannan ya tattare hannun rigarsa, ya nisanci salansa mai zafi da sarƙa, kada kuma ya tayar da inji a rufaffen ɗaki ko zaure, domin hayaƙin na kisa ba tare da sallama ba.

In ƙarar a can sama take, a kan inji, siririya ce mai ƙas-ƙas-ƙas a jere, to galibi bawul ne. Akwai hanyar tabbatarwa ga mai kunne. A inji mai bugu huɗu, irin wanda ba a gauraya masa mai da fetur, sandar da ke buɗe bawul na juyawa sau ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf. Saboda haka ƙarar bawul rabin saurin inji take yi. In inji na silo a juyi 1,400 a minti, kowane bawul sau 700 yake buɗewa. Tazarar da masu ƙira suka ƙayyade a nan 'yar mitsitsiya ce, wajen milimita 0.05 zuwa 0.08 a ƙananan baburan Honda, kusan kaurin gashin kai, kuma inji na sanyi ake auna ta.

A kan bawul ɗin nan nake so in daɗe, domin a nan ne jahilcin mai babur ke haɗuwa da son faranta rai na bakanike su haifi ɓarna. Mai babur ya zo yana cewa ƙarar ta dame shi. Bakanike ya san abin da mai kuɗi ke so shi ne shiru, sai ya ɗaure bawul tamau da ƙiyasin yatsa, ba tare da ya zura siririn ƙarfen awo ba. Inji ya yi tsit, mai babur ya biya har da tukuici, ya tafi yana sa albarka. Abin da bai sani ba shi ne, bawul na sanyaya jikinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In ba tazara, da zarar ƙarfe ya yi zafi ya miƙe, bawul ba zai rufe sosai ba, wuta ta riƙa lasar bakinsa har ya ƙone. Bayan 'yan makonni babur ya fara wuyar tashi, ƙarfi ya ragu, yana mutuwa a silo in ya yi zafi. Bawul mai ɗan surutu ya fi bawul mai shiru lafiya nesa ba kusa ba. Wannan ya isa ya nuna cewa manufar sauraro ita ce a fahimci ƙara, domin akwai wadda ta halatta, akwai kuma shirun da ya fi kowace ƙara haɗari.

Akwai masu kwaikwayon bawul guda biyu. Ɗaya ita ce iskar da ke tsiyaya inda salansa ta haɗu da kan inji, in gasket ya ƙone ko noti ya kwance. Tana yin fat-fat mai kaifi, kuma baƙin hayaƙin da ke taruwa a wurin yakan tona mata asiri. Ɗayar ita ce sarƙar tayimin, a baburan da ke da ita, wadda in ta saki takan yi sharar-sharar a gefe guda na silinda, musamman a silo. Wannan ba a yi mata jinkiri, domin in ta tsallake haƙori, fistin na iya cin karo da bawul.

Lokacin fitowar ƙara kuwa shi ke raba gardama tsakanin ciwon da za a lallaɓa da wanda ba a kwana da shi. Ƙarar da ke fitowa daga tsakiyar silinda da sassafe, ƙwal-ƙwal kamar ana taɓa ƙoƙo, sannan ta lafa in inji ya ɗumama, fistin ne ke wasa a cikin ɗakinsa. Dalilin lafawar shi ne fistin na alminiyam ne, bangon silinda kuwa baƙin ƙarfe, alminiyam kuma na kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, sai ya cike giɓin. Irin wannan inji na iya yin watanni yana aiki, sai dai mai shi ya fara tanadin kuɗin gyara, ya kuma tambayi kansa yaushe rabonsa da wanke matacin iska, domin ƙurar hunturu in ta shiga silinda aikin sanfefa take yi. Amma ƙarar da ke fitowa daga can ƙasa, mai nauyi, ɗum-ɗum, wadda zafi ba ya rage ta, take kuma ƙaruwa in an murɗa totur ko an ɗauki kaya, wannan daga gindin sandar da ke haɗa fistin da karanshaf take. In aka juye baƙin mai a faranti aka ga yana ƙyalli da garin ƙarfe, magana ta ƙare. A kashe inji nan take, a tura babur da hannu, ko da kuwa abokan aiki na kallo.

Na san abin da zuciya ke raɗawa a irin wannan lokaci: bari dai in lallaɓa in kai gida. To, mu yi lissafi, tunda mu 'yan makaranta ne. Injin da ke juyi 6,000 a minti yana juyi 100 ne a daƙiƙa guda. Tafiyar minti goma juyi 60,000 ke nan, kowane juyi kuma guduma ce a kan ƙarfen da ya riga ya raunana. In sandar nan ta karye, takan fasa gangar inji ta leƙo waje, gyaran da zai tsaya a kan ƙarfe ɗaya ya koma sayen inji sukutum. In kuwa inji ya cije ana cikin gudu, tayar baya ta tsaya cik a tsakiyar titi, ga tirela a baya, to maganar ta wuce ta kuɗi.

Wata ƙarar kuma ba lalacewar ƙarfe ke kawo ta ba, ita ce ke kawo lalacewar. Ita ce ƙil-ƙil ɗin nan mai kama da an watsa tsakuwa a kwanon sha, wadda ke fitowa in ana hawan tudu da goyo a babbar giya, da rana tsaka a watan Afrilu ko Mayu. Abin da ke faruwa shi ne, maimakon fetur da iska su ci da wuta a hankali daga bakin fulogi, sai ragowar ta fashe gaba ɗaya saboda zafi da matsi. In abin ya daɗe yakan huda fistin. Sau da yawa laifin na mai ne. Fetur ɗin da aka gauraya da kalanzir ba ya jure matsi, kuma wanda ke sayen mai a galan a bakin titi bai san abin da ya saya ba. Ko a gidan mai ma ba a tsira ɗungurungum ba, domin a watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta bayyana cewa an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, aka janye shi daga kasuwa bayan ya riga ya shiga tankunan mutane. Ban da mai, dauɗar hayaƙi da ta daskare a kan fistin, ko fulogin da ba na injin ba, ko kafiretar da aka matse ƙwarai don tsimin fetur, duk suna jawo haka. Wannan tsimi ya yawaita tun da mai ya yi tsada, kuma araha ce wadda ba ta ado. Matakin farko dai kyauta ne: a sauko giya, a sassauta totur, a tuna inda aka sha mai na ƙarshe.

Yanzu wani zai ce, to Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni lauya zan zama, ko akanta, me ya haɗa ni da baƙin mai? Ai don haka Allah Ya yi kanikawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ce kowa ya sayi akwatin sifana ya buɗe gareji a ɗakin kwanan ɗalibai ba. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bakanike na jin injinka na minti biyar ne, a tsaye, bayan ka tuƙo shi ya yi zafi, ga janareta na ruri a shagon maƙwabci. Bai ji shi da asuba ba, bai ji shi a kan tudu ba, bai san jiya ka sha man galan ba. In duk abin da za ka iya gaya masa shi ne "yana wata irin ƙara", ka bar shi da zato, zaton bakanike kuwa da aljihunka ake gwada shi: a canja wannan, in bai yi ba a canja wancan. Mai gaskiya a cikinsu zai wahala, marar gaskiya kuma ya sami abin da yake nema, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ka ce masa, "Malam, ƙara ce siririya daga sama, tana bin inji, ba ta bin taya, ta fi yawa da safe, ta fara ne bayan juyen mai na makon jiya," nan take za ka ga zamansa ya sake. Yanzu ma da kusan kowa ke da waya mai ɗaukar murya a aljihu, me zai hana a ɗauki ƙarar da safe a kai masa ya ji?

Haka kuma ba na cewa kunne ba ya kuskure. Yana yi, har na tsofaffin hannu, domin sauti na yawo a jikin ƙarfe, ƙarar da aka haifa a ƙasa a ji ta a sama. Kunne zargi yake kawowa, awo ke yanke hukunci. Haƙƙin mai babur ne ya nemi a auna tazarar bawul a gabansa, a nuna masa fulogi ya ga launinsa, a juye mai ya duba, kafin ya yarda da kalmar nan mai tsada, wato "sai an sauke inji". Ya kuma guji ɗaya kalmar mai daɗin ji, "zai washe da kansa". Ban da sabon inji da ke zaunawa, ƙarfen da ya ci ba ya tofowa.

Mai shirin sayen babur na hannu kuwa, ya je da sassafe ba tare da ya yi alkawarin lokaci ba, ya fara taɓa inji da bayan hannu. In ya ji shi da ɗumi, an riga an tayar da shi don fistin ya cike giɓinsa, sai ya dawo gobe. Ya zaro ma'aunin mai ya duba, domin mai mai kauri kamar zuma tsohuwar dabara ce ta rufe bakin inji na kwana biyu. Waɗannan ƙananan injuna abin da suke ɗauka bai wuce lita guda ba, wasu ma bai kai ba, da iska kaɗai suke sanyaya, yawancinsu kuma 'yar raga ce ke tace musu mai, don haka ɗan ragi kaɗan babban giɓi ne. Samarin da ke fasa salansa don unguwa ta san sun iso, ban da hana jama'a barci, sun toshe kunnen kansu ne, domin duk gargaɗin da inji zai yi musu rurin ya haɗiye shi.

Ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗalibai nake miƙa sauran maganar. Muna kashe kuɗi a kan makon al'adu da liyafar yaye 'yan ajin ƙarshe, ba laifi. A ware Asabar guda a kowane zango, a gayyato tsofaffin kanikawa biyu ko uku daga cikin gari, a biya su kamar yadda ake biyan kowane baƙon malami, a zaunar da su a kan kujera, a haɗa su da ɗaliban sashen injiniya. A kawo babura masu ciwo iri-iri, a tayar da su ɗaya bayan ɗaya, bakanike ya faɗi abin da ya ji, ɗalibi ya auna ya faɗi dalili, sannan a buɗe inji kowa ya ga wanda ya yi daidai. 'Yan sashen Hausa su ma su zo da alƙalumansu. Harshenmu na da arzikin kalmomin amo, ya bambanta ƙas-ƙas da ƙwas-ƙwas, ya bambanta gurnani da ruri da kuwwa, kanikawa kuma sun daɗe suna aiki da su a gareji. A tattara su, a rubuta kowace kalma da ciwon da take nunawa, a buga a 'yar takarda mai shafi huɗu, a raba wa masu babura a bakin ƙofa tare da mujallar zango mai zuwa.